Layar da Ke Cikin Rigar Fasto Ayuba

Delphine 'yar wajen Mayo-Oulo ce. Aure ya kawo ta Garwa, miji ya mutu, wanki da guga suka riƙe ta. Cikin duk tufafin da take kaiwa bakin Binuwai, farar rigar Fasto Ayuba kaɗai take wankewa daban, ba ta yarda ta taɓa kayan kowa.

Zamanin mulkin Shugaba Ahidjo na Kamaru ne, lokacin da mutum kan waiga kafin ya buɗe baki. Jandarmomi sun sha kiran Fasto a kan ɗakin addu'ar da ya gina ba izini, yana zuwa yana dawowa da murmushi. Masu bi suka ce ba ya tsoron kowa sai Allah. Shi ya sa aka tara layu aka ƙone a ƙofar ikilisiya, har Delphine ta tsinke ta wuyan 'yarta Lucie ta jefa. Shi kuma ya yi wa yarinyar baftisma, kafin baƙon dauro ya ɗauke ta. Da wannan baftismar Delphine take samun barci.

Ran nan tana guga a tsakar gidan Fasto, dutsen ya ci karo da ƙullutu a kalmasar rigar. Ta warware zaren. Laya ce ta jar fata, ta sha gumi har ta yi baƙi. Ba sunan Fasto ya dame ta ba. Idan hannun da ya zuba wa Lucie ruwa yana dogara da wannan, to ina Lucie take yanzu?

Ta yi tunanin kai wa dattawa, ta fasa. Ba don tausayi ba. Tsoro take ji kada su ce duk abin da hannunsa ya taɓa ya lalace.

Fasto ya fito yana ɗaura agogo, don jandarmomi sun sake kiransa da safen nan.

"Maman Lucie, rigar fa? Ko so kike in je musu da singileti?"

Ta buɗe tafin hannunta. Dariyar ta mutu a fuskarsa.

"Baba Fasto, tana jikinka ranar da ka yi wa 'yata baftisma?"

Ya zauna a kan turmi. "Tana nan. Tun kiran farko na karɓo ta. Ba ki san cikin ofishin nan ba. Akwai ɗakin da ake jin kukan manyan maza."

"Ka sa na ƙone tata."

"Na sa."

"To Lucie tana ina? Ita nake tambaya, ba kai ba."

"Ruwa kawai na zuba, Maman Lucie. Ba da sunana aka yi ba. Da tsarkina ne ke kai mutum wurin Yesu, da ni da ita duk mun ɓata. Alherin da ya karɓe ta, shi nake roƙo yanzu, kuma na fi ta bukata."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ɗaga murfin dutsen guga, garwashi na ja, ta tsaya tana jira. Ya miƙa hannu, ya janye, ya sake miƙawa. Da kansa ya jefa layar, warin fata ya cika gidan.

Ta sa masa rigar, kalmasar a warware. Ita ta ɓalla masa maɓallai. Da ya fita ta ga ƙafafunsa na rawa, abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Ta durƙusa a gefen kwandon wanki, ta yi masa addu'a. Duk shekarun nan ba ta taɓa yi ba, don ba ta zaci yana bukata ba.

An sako shi da la'asar, leɓensa a kumbure. Ta ci gaba da wanke masa riga har tsufa ya hana ta sauka kogi, amma tun daga ranar tare take cuɗa ta da kayan kowa.