Kunnen da Ya Rage wa Rabo

Duk direban babbar mota da ke bin hanyar Konni zuwa Tawa ya san Rabo Mai Iska. Mutumin Bazaga ne, siriri kamar karan dawa, kuma sirantar ce ta ba shi sana'a, don inda hannun wani bakanike ba ya shiga, shi kansa yake cusawa. In tiyon iskar birki ya huje, sai a tayar da inji har tanki ya cika, a kashe, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Rabo ya shige ƙarƙashi yana bin ɗan sautin iskar da kunne har ya kai ga hujin. Ruwan sabulu daga baya yake zuwa, don tabbatarwa kawai.

Sai dai direbobinmu suna da wata muguwar ɗabi'a. Odar manyan motoci, wato ham ɗinsu, da iskar nan take aiki, su kuwa ba su yarda da allurar awon iska da ke gabansu ba. In suna son sanin ko iska ta zauna, oda suke dannawa, ko uban wa ke ƙarƙashi. Haka wani direban albasa ya kashe wa Rabo kunnen hagu, ya ce masa sannu, ya ja motarsa. Likita ya gaya masa na daman ma ya taɓu, in aka sake, shi ke nan. Tun daga ranar Rabo ya zama mafaɗaci, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Matarsa Kulu ta yi roƙon duniya ya koma gona, ya ce, "Ke Kulu, da kunne ni ka ci, ba da hauya ba."

Ana nan sai Alhaji Mahamudu, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya sayo wata mota mai ɗaki daga Kwatano, da gadonta da murhunta har da makewayi. Mota ce ta a gani a faɗa, amma kullum safiya sai a tarar da bayanta ya zauna ƙasa, iska ta tsiyaye. Ya kawo ta gareji da rana tsaka.

Rabo ya bi tiyo ya gane hujin na can tsakanin tankin ruwa da ƙarfen mota, wani lungu da sai mutum ya karkata kai zai shiga, ga bakin oda daidai wurin. Ya fito ya ce, "Alhaji, bari in cire odar tukuna."

"Kak ka taɓa min abin da bai ɓaci ba. Ku haka ku ke, a kawo muku ciwo guda ku ƙara biyu."

"To sauko daga ciki."

"Cikin ranar ga? Ni yaro ne? Na ce ba ni taɓa ta, shiga ka yi aikinka."

Rabo ya shige ƙarƙashi. Ƙarfe ya yanke masa kafaɗa, baƙin mai na ɗigo masa a ido, yana lalube da yatsu har ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya haɗa sabo. Aka cika tanki, aka kashe inji. Ya sake cusa kai, ya kara kunnen dama don ya ji ko da saura.

Alhaji na zaune a inuwa cikin motarsa, ya ga allura ta tsaya cak. Daɗi ya kama shi. Ya danna oda, ya kuma riƙe ta, don a ji har bakin kasuwa.

Rabo ya fito da rarrafe, jini na bin wuyansa. Ya miƙe ya zazzage wa Alhaji duk abin da ke cikinsa, shi da direbobin ƙasar nan kaf, har jijiyar wuyansa ta tashi. Alhaji na ta motsa baki yana ɗaga hannu, da alama haƙuri yake ba shi. Rabo ya tofar da yawu ya koma gindin bango ya zauna, yana jiran ƙarar da ke kansa ta lafa.

Can sai ya ga mutanen gareji suna ajiye kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗaukar buta. Ya ɗaga kai ya dubi lasifikar masallacin da ke jikin garejin, ya daɗe yana kallonta. Ashe an kira la'asar, shi bai ji ba.