Tambayar Da Na Ji Kunyar Yi Wa Wani Dattijo

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗauko biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto muku wannan, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin ya faru shekarata goma sha tara, ban daɗe da gama sakandare ba. 'Yar Aliero ce ni, mahaifina manomin albasa ne. Tun ina aji huɗu ba ni da burin da ya wuce in karanci harhaɗa magunguna, in sa farar riga, a riƙa zuwa wurina neman lafiya. Da karatun bai samu a shekarar ba, sai gwaggona da ke aure a Sabon Garin Jega ta nema mini aiki a kantin maganin wata Hajiya, wadda ita ta yi karatun har jami'a. Na koma gidan gwaggo da zama, ina jin kamar na riga na zama wata.

Hajiya ba ta da faɗa, amma akwai abin da ba ta wasa da shi. Tun ranar farko ta ce mini yawancin masu shigowa kantin ba su ne marasa lafiyar ba, aiko su aka yi, ko sun baro mai ciwon kwance a ƙauye. Don haka kada in kuskura in miƙa ko ƙwaya ɗaya sai na tambayi shekarun mai ciwon, da abin da ya riga ya sha, in kuma mace ce, ko tana da ciki. Akwai wata kanta ta sama da ta ce ba tawa ba ce, sai tana nan. Wata bakwai na yi ina kiyayewa. Sai dai a hankali kaina ya fara girma, don na haddace sunayen magunguna, mutane sun fara kirana likita, ni kuma ba na hana su.

Wata ranar kasuwar Jega, Hajiya ta tafi gaisuwar rasuwa Maiyama, ta ce za ta dawo bayan la'asar. Kanti ya cika da mutane. Wajen azahar wani dattijo ya shigo, sa'an babana ko ya girme shi, da ƙurar hanya a gemunsa. Ya kira ni da ɗiyata, na gaishe shi da Baba. Ya ce matar ɗansa ce ke fama da ciwon baya da ƙugu, ko tabarya ba ta iya ɗagawa, mijin kuma ya bi motar albasa zuwa kudu. Har ya yi mini barkwanci, wai in ba shi mai ƙarfi irin na mutanen birni, ba irin wanda muke ba 'yan ƙauye ba. Na yi dariya. Wallahi tambayar ta zo mini har bakina. Amma na dube shi, na dubi mazan da ke tsaye bayansa, sai na ji ba zan iya ba. Ni budurwa, in tambayi dattijo ko surukarsa na da ciki, a gaban mutane? A gidanmu ko kalmar ba ma furtawa gaban manya. Na ce a raina ai da akwai, da ya faɗa.

Na taka kujera na ɗauko wani maganin ciwon gaɓɓai daga kantar sama, wanda na sha ganin Hajiya na ba tsofaffi. Na sa almakashi na yanko masa 'yan ƙwayoyi daga katin da ke cikin kwalin, kamar yadda ake yi wa wanda ba ya son kwali guda, na ƙunshe a takarda, na ja layi biyu alamar safe da yamma. Kwalin ya zauna a wurina. A jikin kwalin nan akwai hoton mace mai ciki an ja masa jan layi. Da ya tafi da kwalin, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane.

Hajiya na dawowa idonta ya faɗa kan katin da na yanka. Ta tambaye ni wa na ba, na faɗa mata. Ta tambaye ni ko na yi tambayar. Na ce ban yi ba. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta ce wannan maganin yana iya zubar da ciki. Ko mayafi ba ta gyara ba ta ja hannuna muka shiga kasuwa, daga layin 'yan hatsi zuwa kara inda ake sayar da dabbobi, daga kara zuwa tashar masu babur. Ban san sunan dattijon ba, ban san garinsu ba. Abin da na iya faɗa kawai shi ne dattijo mai farin gemu da shuɗiyar riga, masu babur kuwa suka ce irinsa sun ɗauki fiye da a ƙirga. Haka muka dawo. Sati guda na yi abinci ba ya wuce mini, ina sallah ina roƙon Allah Ya sa matar nan ba ta da komai.

Kasuwa ta zagayo, sai ga shi. Wannan karon babu barkwanci. Ya ce in ba shi maganin ƙarin jini, surukar tasa ta yi ɓari, cikin wata biyar, kuma shi ne na farko bayan shekara huɗu da aure. Ya ce haka Allah Ya so, ya ma yi mini godiya a kan na wancan satin. Na zauna a ƙasa bayan kanta. Hajiya ce ta fito ta zaunar da shi, ta tambayi garinsu, ya ce wajen Andarai. Washegari ta tafi da kanta, ta kai matar asibiti, ta gaya musu gaskiya, ta ce kantinta ne, laifin nata ne. Kafin ta tafi ta ce in zo mu je tare. Na ɓuya a ɗakin gwaggo, na ce zazzaɓi nake yi.

Da ta dawo ta ce dattijon ya yi hawaye. Ya ce a gaya wa ɗiyar nan kada ta sa abin a ranta, don shi ma ya san da cikin, nauyi ya ji ya ambace shi gaban budurwa. Na tambaye ta ita matar fa, me ta ce. Hajiya ta ce juya fuskarta bango kawai ta yi.

Hajiya ba ta kore ni ba, ni ce na kasa komawa. Ta ce ba wanda zai rantse cewa maganin ne, amma kada in yaudari kaina. Yanzu ina gida Aliero, har yau in na ga mai ciki a hanya sai gabana ya faɗi. Na gane cewa haddace sunan magani ba shi ne aikin ba, kuma wanda ya tsaya bayan kanta ba ɗiyar kowa ba ce a wannan lokacin, rai ne a hannunsa. 'Yan'uwana mata da ke sha'awar wannan sana'a, ku yi karatun, kada ku taɓa abin da ba a ba ku izini ba, kuma ku yi tambaya ko da mahaifinku ne a gabanku. In baki ya yi nauyi, ku ja mutum gefe. Iyayenmu masu zuwa sayen magani, don Allah ku riƙa faɗa. Ni da dattijon mun girmama juna a ranar nan, kowa ya kare mutuncinsa, amma wadda ta biya ba ta ma wurin. Ku taya ni addu'a Allah Ya ba ni ƙarfin zuciyar da zan je Andarai in durƙusa gabanta, ko da ba za ta juyo ba.