Ranar da Awaki Suka Lashe Mani Masara

Har gobe ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da awaki suka kusa tashi da aikina ba. A lokacin ina koyar da zane-zane a wata makarantar sakandare da ke bayan garin Dutsin-Ma, ina mataki na takwas, wato ƙaramin malami ne da babu mai jin ta bakinsa a taron malamai.

Da fentin gwangwani muke aiki. In mun gama sai mu wanke buroshi da kalanzir, mu sheƙa dattin a kwata. Ashe kwatar nan a wani tafki take ƙarewa, inda shanun Malam Buba, makiyayin da ke maƙwabtaka da mu, suke shan ruwa da bazara. Ran nan sai ga shi a ofishin shugaban makaranta, ya ce maraƙinsa ya kwana biyu bai kai baki ga ciyawa ba.

Shugaba ya kira ni, ya ce, "Malam Sada, sufeto zai zo daga ofishin shiyya nan da mako uku. Ko ka nuna mashi zanen da ba ya cutar da kowa, ko in rubuta a rufe ajin nan, ka koma koyar da lissafi."

Ni da lissafi kuwa ko a hanya ba ma gaisawa.

Ranar Asabar na hau babur sai Wurma, wurin Gwaggo Indo, wadda duk ɗakin amaren ƙauyen ita ke yi wa ado. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Yo kai da takardar shaida, yau ka zo makaranta wurin tsohuwa?" Ta nuna mani jar ƙasa da farar ƙasa, da gawayi don baƙi, da ƙaro mai riƙe launi. Ta kuma koya mani makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe bango don ya yi ƙarfi. Launin rawaya kuma ta ce in nemi gangamau in daka.

Nan ne wayona ya yi mani yawa. Da muka ɓare ɗorawa don makuba, sai garinta ya taru cikin kwano, rawaya shar. Na ce wa ɗalibai ai ba ma asarar komai, muka kwaɓa shi da ƙaro. Muka zana gonar masara a katangar makaranta ta waje, kowane goyo ya sha garin ɗorawa. Wallahi ni kaina sai da na tsaya ina yaba kaina. Na manta shaf cewa garin nan zaƙi gare shi.

Ranar Litinin ɗin da sufeto zai zo na iso da sassafe cikin sabuwar shadda. Me zan gani? Awakin Malam Buba sun yi sahu a gindin katanga, wasu har da ɗage ƙafafun gaba, suna ta lasa. Duk masarar da ke ƙasa sun gama da ita, saura kara da ganye. Ina cikin korarsu, hula a hannu, motar sufeto ta tsaya. Kunya ta rufe ni, na ce yau kam lissafi ya same ni.

Sufeto ya dubi katanga, ya dube ni, ya ce, "Malam, ina masarar?"

Kafin in buɗe baki sai Malam Buba, wanda ya biyo sawun awakinsa, ya dangwali bangon ya kai baki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗorawa ce. Ni kau in wannan ne fentin, a bar mashi ajinshi. Na da shi ya kwantar mani da maraƙi, wannan kau kiwo ya yi mani."

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tambayi yadda muka haɗa kowane launi, ya rubuta, ya ce a ci gaba. Da Gwaggo Indo ta ji labari, saƙo ɗaya ta aiko: "Ba na ce gangamau ba?"

Abin da na koya shi ne, aikin mai zane ba a bango yake ƙarewa ba, sai ya bi ruwan wankin hannunsa ya ga inda ya kwana. Shi ya sa har na yi ritaya, duk launin da zan ba ɗalibi sai na tambayi kaina: in akuyar Malam Buba ta lasa, za ta tashi lafiya?