Rabin Aski

Gajere bai taɓa karanta jarida daga farko har ƙarshe ba, amma tun yana saurayi babu labarin da ba ya bi ta shagonsa na aski. Kujera ɗaya gare shi, da madubi mai tsagi, da dogon benci da ya gada wurin kawunsa. A kan bencin nan ake tafka musu: asibitin da babu magani, gadar da rediyo ta ce an gama alhali ko tubali ba a aza ba. Shi dai nasa zuga ne. Da musu ya lafa sai ya kashe inji ya ce, "Anya kuwa, malam?" Shi ke nan an koma.

Shekarar da aka rufe jaridu, doka ta biyo har kan masu aski: ba mai zama a shago sai wanda ake yi wa aski. Wani jami'i mai ƙaton tumbi ya leƙo ya ce in ya sake tarar da 'yan zaman surutu zai garƙame wurin.

"Maigida, don Allah ka fitar da bencin nan," in ji matarsa. "Da shagon nan fa muke ci."

"Bencin ya girme ni a wurin. Ni ne zan kore shi?"

Tsoro kam ya ji shi. Amma taurin kai ya fi. Washegari duk wanda ya shigo sai ya aske masa gefe ɗaya tas, ya ɗaura masa tawul, ya tura shi benci. Kafin hantsi benci ya cika da rabin kawuna, musu kuwa har bakin titi.

Jami'in ya faɗo a fusace. "Su wane ne waɗannan?"

"Ranka ya daɗe, duk aski nake musu. Hannun ne ya tsufa, ba na sauri."

Wani direban bas ya tuntsire da dariya, dariyar nan ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Aka sa wa ƙofa kwaɗo, aka tura Gajere a mota, aka ce wa sauran su je wani wuri a ƙarasa musu.

Ko ɗaya bai je ba. Direban ya shiga motarsa haka da rabin askinsa, ba hula. Duk fasinjan da ya tambayi abin da ya sami kansa, sai ya kwashe labari ya ba shi, har da na gadar.

Ranar da matar ta je ganin Gajere a inda ake tsare da shi, ta same shi ya rame, murya ta dishe.

"Sun ƙarasa askin?" ya tambaya.

"Ina! Sun ce sai ka fito. Jiya ma ƙaninka ya zo da reza, wai in aske masa rabi."

"Kin yi?"

"Na yi. A kan bencinka, a ƙofar gida."