Ɗakin Sujadar da Baba Silas Ya Bari a Hannuna

Ranar Talata, shida ga watan Fabrairu na shekarar 2018, ana tsakiyar girbin shinkafa, Ubangiji ya kira bawansa Silas Kanagaratnam, mai kanti kuma mai wa'azi a ƙauyen Palaiyur, yana da shekara sittin da takwas. Yana cikin auna wa wata mata busasshen kifi ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna a kan buhun albasa, ya jingina da bango, bai sake tashi ba. Ni Arulmoli, autarsa kuma 'yarsa mace tilo, ni nake wannan rubutu domin 'yan'uwa na ikilisiyar Metodis da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kantinsa.

Baba, an ce in rubuta tarihinka, sai na ga ba ya rubutuwa sai da tarihin gidan da ka shigo. Gidanmu na mata ne, kamar kowane gida a wannan gaɓar teku: uwa ta ba 'yarta, miji ya ɗauro kayansa ya tare. Kakar mahaifiyata, Sinnapillai, ita ce ta fara karɓar baftisma a ƙauyen nan. Ta yanki gefen filinta kusa da rijiya, aka kafa rumfar ganyen kwakwa don sujada, mijinta kuma ya buɗe kanti a bakin hanya. Tun daga lokacin abubuwan biyu suke tafiya tare. Duk wanda ya auri 'yar gidan, shi zai tsaya a kanti Litinin zuwa Asabar, ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi. Rabaran yakan zo daga gari sau ɗaya a wata don jibin Ubangiji, sauran Lahadin na surukin gidan ne. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalilinta. Kakana ya yi zamaninsa, shi ya mai da rumfar ginin bulo. Sannan kai.

Ka zo ƙauyen nan kana saurayi kafinta, bayan babbar guguwar da ta yaye rufin ɗakin sujadar. Sau da yawa na matsa maka ka ba ni labarin haɗuwarku da Mama. A raina na riga na tsara shi: kana bisa tsani, tana jan ruwa, gyalenta ya zame, idanunku suka haɗu. Sai ka ce, “Na ga rufi ya yaye, na gyara. Kakarki ta ce aikin ya yi kyau, ko ina da mata? Shi ke nan.” Na ce ka ɓata mini labari. Ka ce ai auren bai ɓaci ba. Ko bayan rasuwar Mama, idan baƙo ya yi sallama ya tambayi maigida, kakan nuna ni ka ce, “Ga mai gidan can tana karatu. Ni baƙo ne, na ɗan daɗe dai.”

Kantinka bai taɓa ganin kwalbar giya ko karan sigari ba, ko da 'yan kamfani suka yi ta zuwa suna lallashi. Ranar Lahadi kuwa ƙofar gaba a rufe take. Amma kowa ya san ƙofar baya. Wadda baƙi suka sauko mata babu sukari, wanda kananzirinsa ya ƙare, sai su zagayo, ka miƙa musu, ka ƙi karɓar ko sisi, domin ka ce sayarwa aka hana, ba bayarwa ba. Amininka Ismail Lebbe, mai kawo maka kindirmon ɓauna daga ƙauyen Musulmi na ƙetaren gada, yakan ce, “Silas, addininka zai karya ka. Ni ma daga yau ranar Lahadi zan riƙa cefane.” Kai kuma ka ce, “Zo mana, amma sai ka fara zama a bencin gaba ka ji wa'azi.” Ya ce, “Wa'azinka mai tsawon nan? Gara in biya.” Ranar jana'izarka shi ya tsaya a bakin maƙabarta tun safe cikin rana, ya ƙi shiga inuwa.

A shekarun yaƙin basasa ina ƙarama, amma ina tuna ɗakin sujadar cike da tabarmi, Kirista da 'yan Hindu kwance kafaɗa da kafaɗa, kai kana farke bakin buhunan shinkafar kanti ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta kafa ɗan hoton allahnta a kan taga. Wani dattijon ikilisiya ya zo ya raɗa maka cewa a sauke hoton. Ka ce masa, “Bar ta. Tsoro take ji, kamar ni da kai.”

Ba ka son 'yan littattafan soyayyar da nake karantawa, amma kai kake sa direban motar burodi ya sayo mini su daga gari. Kafin ka miƙo mini, sai ka sa tabarau ka buɗe shafin ƙarshe ka duba ko mugun ya tuba. In ya tuba, ka ce, “Karɓi, wannan da ɗan dama.” In bai tuba ba, ka girgiza kai, ka miƙo mini duk da haka.

Haka ka yi ranar da na kawo maka Niroshan, mai gyaran wutar lantarki, wanda na haɗu da shi a bas. Ni na zaɓe shi, abin da babu macen gidan nan da ta taɓa yi. Ka dube shi, ka tambaye shi iyayensa da cocinsu, ka sa mana albarka. Ka san yana da in'ina. Lahadi ta uku bayan ya tare, ka miƙa masa Zabura ya karanta. Ya tsaya a kan kalma ɗaya har gumi ya jiƙa masa riga, yara suka fara ƙunshe dariya. Ka ta da waƙa ka rufe shi. Da muka koma gida ya ce, “Baba, ka yi haƙuri.” Ka ce, “Ci abincinka. Ina nan tukuna.” Ba ka sake miƙa masa littafin ba, ba ka kuma taɓa nuna mini a fuska cewa zaɓina ya bar ka ba magaji ba.

To, Baba, yanzu ba ka nan, kuma ga abin da ya faru.

Lahadin farko bayan jana'izarka na buɗe ƙofar ɗakin sujada, na share, na jera littattafan waƙa. Waɗanda suka rage suka zo, ba su cika benci uku ba, yawancinsu tsofaffi, don samarin duk sun tafi birnin Kolombo ko ƙasashen Larabawa. Muka zauna. Sai kowa ya juya yana duban Niroshan. Inna Thangam, wadda ta girme ka da shekara goma sha wani abu, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, “Ango, tashi mana. Shekara uku kana cin shinkafar gidan nan, ka zaci kyauta ce?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, in fanka ce ta tsaya, yanzu zan hau in gyara. Wannan ba zan iya ba.” Ta ce, “Fankar lafiyarta ƙalau.” Muka yi waƙa biyu, muka yi addu'ar Ubangiji, kowa ya nemi takalminsa.

Ba na ganin laifinsa. Ya riga ya sa hannu a kan aiki a Doha tun kana da rai, kai ma ka sani, bayan Ista zai tafi. Yayyena biyu kuwa suna gidajen matansu, ɗaya a garin Tirinkomali, ɗaya a Kanada, kowa da nauyin surukansa. Sun yi kuka a waya, sun ce, “Ƙanwa, gidanki ne, abin da kika yanke daidai ne.”

Rabaran ya zo da kansa, ya zauna a inda kake zama. Ya ce gundumar ikilisiyarmu ba ta da mai wa'azin da za ta riƙa turowa wannan nisa. Sannan ya ce, “Ke fa, 'yata? Mata suna wa'azi a ikilisiyarmu. Karatu ne na shekara biyu, ke kuwa an ce ba kya ajiye littafi.” Baba, na so in ce to. Na yi addu'a, na saurara, na sake saurarawa, ban ji an kira ni ba. Ni mai karanta abin da wasu suka rubuta ce, a ɓoye, a bayan buhunan kanti. In na tsaya gaban mutum biyar, sai kaina ya zama fanko. Kai ka koya mini cewa mumbarin wa'azi ba a hawansa don kunyar mutane. Na ce masa ba zan iya ba. Ya sha shayinsa, ya yi mini addu'a.

A littattafaina, a daidai nan ne wani baƙo yake saukowa daga bas da jaka a hannu, ya warware matsalar. Na yi ta duban hanya har ranar taron gunduma. Taron ya yanke cewa sujadar Ista ita ce ta ƙarshe a Palaiyur. Bayanta za a kwashe bencina a tarakta zuwa cocin gari, mu kuma mu riƙa bin bas ɗin safe. Da na kai wa Inna Thangam labari tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ƙafata ba ta hawa matakalar bas. A ɗakin nan aka yi mini baftisma, na ɗauka daga nan za a fitar da ni.” Na tsuguna na taya ta tankaɗen.

Akwai abin da ban kai ga gaya maka ba, ina jira ya ƙara tabbata. Ina da ciki. Matan unguwa sun dube ni sun ce mace ce. In haka ne, gidan nata ne, da rijiyar, da kantin da ban san wanda zai tsaya a cikinsa ba, da ɗaki mai tagogi shida wanda babu benci a ciki. Za ta tambaye ni na mene ne. Zan gaya mata sunan Sinnapillai, da na kakana, da naka, sannan in gaya mata a hannun wa ya tsaya.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Silas cikin jinƙanka, ka gafarta masa kurakuransa saboda Yesu Almasihu, ka ba shi hutu bayan doguwar tsayuwa. Ka ta'azantar da yayyena da iyalansu, da mijina Niroshan wanda ya rasa uba na biyu, da Ismail Lebbe, da dukan 'yan'uwa na gundumarmu. Ka dubi tsofaffin Palaiyur da ba za su iya hawa bas ba, ka same su a inda suke zaune, tunda ni na kasa. Amin.