Ranar da Duwatsu Suka Danne Thomasin

Thomasin Dargue a wajen mahaifinta ta gaji ginin katanga, irin wadda ake jera duwatsu ba siminti ba laka. A ƙauyenmu da wuya ka sami gonar da ba ta taɓa toshe wa ɓaraka ba. Ba ta yi aure ba. Ita da yayanta Wilf suke zaune gida ɗaya, kullum cikin tsokanar juna.

Ta kusa sittin lokacin da wani mai fasaha ya zo daga birni, yana so a tada tsohuwar katangar garken tumakin da ta rushe a kan tudunmu, a kuma gina masa tulin duwatsu a tsakiya mai siffar ƙwai.

"Ƙwai kuma?" in ji Wilf. "Wace kazar ce za ta kwanta masa?"

"Kai mana, Yaya, tunda zaman banza kake yi."

Dariya ta yi, amma a ranta tsoron aikin take ji. Ta saba da gini mai faɗin gindi, shi kuwa wannan gindinsa siriri ne, cikinsa ƙato.

Wata rana bayan an kwana biyu ana ruwa, abokan aikinta suka sauka gari da rana, ita ta tsaya ƙarasa layi. Sai ta ji duwatsun suna gurnani. Kafin ta ja da baya, gefe guda ya zube mata a ƙafa.

Ta yi ihu har muryarta ta dishe, tumaki kaɗai ke amsawa. Hazo ya sauko ya rufe tudun. Da ta ɗaga kai sai ta ga wani ƙaton dutse ya karkato daidai fuskarta, da ta motsa kaɗan sai tsakuwa ta zubo daga ƙarƙashinsa. Ta daina motsi, har numfashi a hankali take ja. Can ƙafar ta daina ciwo, wannan ya fi komai firgita ta.

Da abinci ya huce ba ta dawo ba, Wilf ya hau tudun yana haki. Yana ganinta ya kai hannu zai janye dutsen da ke kan ƙafarta.

"Kar ka taɓa! Shi ya tokare na saman. Fara daga can sama, Yaya, ɗaya bayan ɗaya."

"In ya suɓuce mini fa?"

"Don Allah kar ya suɓuce."

Ya riƙa sauke su a hankali, ita kuma ta runtse ido tana jin faɗuwar kowanne a ciyawa.

Ƙafar ta karye wuri biyu, ta warke da ɗingishi. Wasu ne suka ƙarasa ginin, baƙi na zuwa suna ɗaukar hotonsa. Thomasin ta koma gyaran gajerun katangu a kwari, kuma ba ta ƙara yarda ta yi aiki ita kaɗai ba.