Amin Ɗin da Na Hana Ƙwayoyin Yaya

Ina da shekara goma sha biyar aka sauke ni daga muƙamin autar gidanmu, kuma abin da ya hau kujerata ko ido ba ya ganinsa.

A unguwar Madinat Nasr ta ƙasar Masar muke zaune, hawa na biyar. Abba yana karatun fiƙihu, yayata kuma ta shiga digiri na biyu a ilimin ƙananan halittu. Kafin nan, yammacin kowace Juma'a nawa ne. Mu sauka ni da ita wajen mai matse rake na bakin titi, mu sha kofi bibbiyu, ina ba ta labarin makaranta, rabi gaskiya rabi ƙari, tana dariya har ta ƙware.

Sai ta samo bakteriya. Yadda ta yi mana bayani muna cin tuwo, waɗannan ƙwayoyi suna cinye tukar rake su mayar da ita wani ruwa da za a iya zuba wa mota. Matsalar ita ce sai an dafa tukar da asid kafin ta yi musu laushi, dafuwar kuma tana fitar da gubar da ke kashe su. Aikin Yaya shi ne ta koya musu juriya. Kullum ta ɗebi waɗanda suka rayu ta sa a sabuwar kwalba, ta ƙara gubar ɗan mitsitsi, har a samu jikokin da suka fi kakanninsu taurin rai.

Na ce ai ni ma haka ake yi mini a gidan nan, kuma ba wanda ya samu digiri a kaina. Umma ta jefe ni da murfin roba.

Ƙwayoyin nan ba su san Juma'a ba. Ana sallame la'asar Yaya za ta ja mayafi ta bi ƙaramar bas zuwa ma'amal, wato ɗakin gwajinsu, ta bar ni a baranda ina ƙirga kuliyoyin unguwa. Ta sayi littafi mai bango ja tana rubuta duk motsinsu. Na leƙa sau ɗaya, na ga ta rubuta, "Yau sun ci sosai, masha Allah." Ni da na cinye faranti biyu na koshari a gabanta, cewa ta yi in ji tsoron Allah. Hatta mai rake ya juya mini baya. Tara mata tuka yake yi a buhu, in na je aike sai ya tambaye ni ya jikin yaran Daktora.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne addu'ar Umma. Bayan magariba takan jero mu ɗaya bayan ɗaya, ni ce ta ƙarshe. Wata rana na ji an tsallake ni an ce, "Allah ya raya ƙwayoyin nan, ya ba su juriya." Kowa ya ce amin. Ni na motsa leɓe kawai. Haka na yi ta yi kusan wata biyu, ina shafa fuska kamar kowa, amin ɗin yana cikin aljihuna.

Ranar wata Talata Yaya ta dawo ba ta cire takalmi ba ta zauna a ƙasa. Ta ce kwalbar ta ƙi gurɓacewa yadda take yi in suna raye, ruwan garai yake kamar na famfo. Duk sun mutu. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Da farko wani sanyi na ji a raina, ba zan ɓoye ba. Bai kai minti ɗaya ba na tuna amin ɗin da ke aljihuna. Na kashe miliyoyin rayuka da leɓe biyu.

Kwana biyu na daure. Ranar Juma'a da safe na same ta tana guga, na faɗa mata komai. Ta ajiye dutsen gugar ta dube ni.

"Auta, ke ɗin waliyyiya ce da ban sani ba?"

"Ni dai ban ce amin ba."

"Ni na kashe su. Na ninka gubar lokaci guda, don in gama da wuri. Na gaji da ganin ki a baranda kina kumbura baki kamar an ƙwace miki gado."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Ta ce in ɗauko mayafina, yalla mu tafi.

A ma'amal ta buɗe wata firiza mai huci kamar ta sha taba. Ciki 'yan ƙananan robobi ne jere, kowace da kwanan wata. Ashe duk mako tana ajiye kaɗan daga cikin zuriyar, don in aka yi asara a koma baya a ta da su. Ta zaro na makon jiya ta ce daga nan za mu ci gaba, a hankali wannan karon. Na ce wato su har kakanninsu ana adanawa, ni kuwa hotona na yaye ya ɓace a ƙaura. Ta ce su ba sa surutu.

Ta sa mini safar hannu ta bar ni na riƙe kwalba ɗaya. Warinta kamar safar ɗan ƙwallo da ta kwana a cikin nono. Wannan ne aka fifita a kaina.

Tun daga ranar Juma'ata ta dawo, sai dai da kaya. Mu fara shan rakenmu, kofi bibbiyu, sannan in ɗauki buhun tuka a ka har cikin bas, 'yan Masar suna kallona. Littafin nan mai jan bango har yanzu ba sunana a ciki, na duba. Da magariba in Umma ta zo kansu nakan ce amin da ƙarfi har maƙwabta su ji, amma na roƙe ta ta riƙa sa ni kafin su.